Tantabarar Abu Nawras

Mijina Abu Tammam son a yabe shi ne zai kashe shi, na faɗa masa tun muna Dara'a, can gida Siriya.

A layinmu na sansanin 'yan gudun hijira na Za'atari su biyu ne masu tantabara, shi da maƙwabcinmu Abu Nawras. Kowa kan saki garkensa da la'asar, in tsuntsun wani ya ruɗe ya sauka a kwanonka, to ya shiga hannu. Haka farar tantabarar Abu Nawras ta ɓace, wadda ya tsallako iyaka da ita cikin riga. Mijina ya rantse a gaban mazan layi cewa bai gan ta ba. Tana ƙarƙashin gadonmu a kwando, tana ɓata min tabarma.

Sai ga Lujain, wata yarinya mai ɗaukar hoto daga Amman, wai rayuwarmu ta yau da kullum take so.

"Baffa, riƙo min wadda ta fi kyau."

"Ina hotunan za su?"

"Turai."

Ai kuwa mutumin naku ya faɗa ɗaki. Na ce, "Abu Tammam, ka yi hankali!" Ya ce, "Ke dai dafa shayi. Wa ya san Abu Nawras a Turai?" Ya fito da farar, ya gyara gashin baki, ya ɗaga ta sama yana washe haƙora.

Bayan wata uku Lujain ta dawo da fara'arta. Wai bai dace Turawa su gan mu, mu ba mu ga kanmu ba. Ta rataye hotunan a zauren taro. Namu ne a bakin ƙofa, girmansa ya kai ƙyaure. Wallahi dariya ta kusa kayar da ni, kunya kuma ta hana ni ɗaga kai.

Abu Nawras ya daɗe tsaye a gabansa, maza sun yi cirko-cirko a bayansa.

"Farare ai duk kamarsu ɗaya," in ji mijina.

"Haka ne, maƙwabci." Ya ɗora yatsa a ƙafar tsuntsuwar a jikin hoton. "Wannan shuɗin dutsen kuma daga abin wuyan marigayiya matata Umm Nawras na ciro shi. Na ɗauka shaho ya ci ta, har na yi mata kuka." Ya share ido. "Ta yi ƙiba. Me kake ba ta?"

"Alkama," in ji sakaran mijina.