Sunan Ɗan Fari

Surukata Inna ba ta taɓa kiran sunan mijina ba. Shi ne ɗanta na fari, ita kuwa mutuniyar da ce, mai kunyar ɗan fari. "Kai" take ce masa, ko "wannan". Da ta zo Dubai ganin likitan ido, sai ta tare a gindin tagarmu a unguwar Al Qusais, tana cewa garin da babu inuwar bishiya ai ba gari ba ne.

Maganar ta tsaya wa Mu'awiya a rai, don mijin nawa akwai son a ce ya iya. Ranar Asabar muka bar 'yarmu Wasila wajen maƙwabta, ya ɗebe mu a mota sai duwatsun Hatta. Wai akwai wani kwari mai duhuwa kamar kurmi, a ƙarshensa ruwa na zubowa daga kan dutse.

Bai yi ƙarya ba. Muna shiga kwarin, dabino da magarya suka rufe mana sama, ciyawa har gwiwa, ga wani gumi mai danƙo. Inna ta ɗaure gyalenta a ƙugu ta bar ni a baya ina haki, ni da nake taƙama da ƙuruciya. Sai dai wurin ya yi tsit da yawa, ko kukan tsuntsu babu. Kanmu rana ce tarwai, amma can bayan duwatsu hadari ya yi baƙi ƙirin.

Inna ta tsaya, ta nuna wani reshen magarya da ya fi tsayin mutum. Busasshiyar ciyawa ce da tsummoki maƙale a jikinsa.

"Nuriyya, wa ya yi shanya a can?"

Na ce ban sani ba.

"Ambaliyar ruwa ce ta kai can," in ji ta. "Kai, mu koma."

Mu'awiya ya yi dariya. "Haba Inna, nan fa Dubai ne, ba rafin ƙauyenku ba. Yalla mu je, shwaiya ya rage, ɗan kaɗan."

Haka muka bi shi. Muka iske ruwan yana zubowa garai-garai cikin wani tafki, ƙararsa ta cika kunne. Inna ta ƙi sauka, ta ja ni muka hau wani falalen dutse mai tudu. Shi kuwa gogan ya tuɓe takalma, ya ratsa ruwa zuwa wani dutse a tsakiya, ya juya mana baya yana ɗaukar bidiyo don abokansa su gani.

Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne ya fara iso mana. Sai ruwan da ke zubowa ya soma canja launi, ya koma kamar kunun kanwa, yana tafe da ƙirare. Daga sama kuma wani gurnani ya taso, irin na tirela a kan gada. Wasu 'yan yawon buɗe ido da ke gefe suka kwashi jakunkuna suka yi tudu a guje.

"Abban Wasila!" na ƙwala. "Mu'awiya! Fito!"

Ya ji ni sarai. Ko waiwayowa bai yi ba, ya ɗaga hannu ya haɗe yatsu, alamar nan ta Larabawa mai nufin dakata. Ya saba da ƙorafina, kullum haka yake yi mini. Ban taɓa jin haushinsa da tsoron rasa shi a lokaci guda irin na ranar ba.

"Kai!" Inna ta daka tsawa. "Kai wannan!"

A wurin da kowa ke ihu, wa ne ne "kai"? Bai motsa ba. Na dubi Inna, ta dafe ƙirji. Gurnanin ya matso har dutsen da muke kai ya soma girgiza. Sai ta runtse ido ta buɗe murya.

"Mu'awiya!"

Wayar ta suɓuce masa cikin ruwa. Ya juyo firgigit, ya ga hannunta na nuna sama, ya duba. Ban san yadda ya ratso tafkin ba, na dai san mun kamo rigarsa mu biyu mun jawo shi. Ko miƙewa bai yi ba ruwan ya faɗo, ja wur, da itatuwa da duwatsu. Dutsen da ya tsaya a kai ya ɓace, takalmansa ma haka.

Mun daɗe a tudun kafin ruwa ya janye a fito da mu. Muka shiga mota. Ya riƙe sitiyari ƙafa ba takalmi, idonsa ya ciko, ya kasa tayar da injin.

"Inna," ya ce a hankali, "ki sake faɗa mana, ko sau ɗaya."

Ta kawar da kai wajen taga, ta ja gyale ta share fuska.

"Allah kada Ya sake nuna mini ranar da zan faɗa. Kai, ja mu tafi."