Kalar Hayaƙin Taraktar Baba

A gidanmu an raba tarakta kamar gado, alhali mai ita yana nan da ransa. Matatar iska ta yayana Dogo ce, shi ke kakkaɓe ta. Baffa, ƙanen Baba, shi ke sayo man dizal ya zuba a tanki. Cikin injin kuwa na Baba ne shi kaɗai, kuma tun da aka sayo ta ba a taɓa kwance shi ba. Ya sha faɗa cewa ranar da aka buɗe cikin injin nan, ranar zai bar gona ya koma zaman tabarma. Baba ba ya magana biyu, abin da ya fi ba ni haushi da shi ke nan.

Rannan da safe aka tayar da ita a rumfa, sai ta kama tari tana karkarwa kamar mai zazzaɓi. Hayaƙi ya turnuƙe daga salansa har kajin da ke kwana ƙarƙashinta suka yi hijira.

Baba ya fito yana laluben ginshiƙi. Yanar ido ta rufe masa gani tun bara, amma bai yarda ba, mu kuma ba mu isa mu faɗa ba.

"Hasken rana ya kashe min ido," in ji shi. "Wace kala ce hayaƙin?"

Shi da kansa ya koya mana karatun hayaƙi tun muna yara. In baƙi ne, iska ba ta isar injin, a duba matata. In fari ne, ruwa ya shiga mai. In kuwa shuɗi ne, injin yana ƙona baƙin mai, ya tsufa, sai an buɗe cikinsa.

Hayaƙin nan shuɗi ne shar, kamar an rina shi.

"Baƙi ne, Baba," in ji Dogo. "Laifina ne, na daɗe ban kakkaɓe matatar ba."

"Kai, rufe mana baki!" in ji Baffa. "Yaya, fari ne fat. Man da na sayo ne, rabinsa ruwa. Ni ne mai laifi."

"Haba Baffa, ku bar min abina mana."

"Yaushe aka haife ka da za ka riga ni yin laifi a gidan nan?"

Mutanen nan biyu, in kofi ya fashe a gida sai an yi rantse-rantse kafin wani ya amsa. Yau ga su suna kokawar laifi kamar nama a kasko.

"To," in ji Baba, "kowa ya duba gefensa."

Da ma sun tsaya nan, da sauƙi. Amma Dogo ya buɗe matatarsa ya tarar tsaf take, sai ya tuɓe singiletinsa ya cusa a bututun iska don hayaƙin ya zama baƙi da gaske. Baffa ya gan shi. Sai ya ɗauko butar alwala ya tsiyaya ruwa a tanki, yana kallon Dogo ido cikin ido. Aka sake tayarwa. Taraktar ta yi atishawa, ta fitar da baƙi, ta fitar da fari, ta yi wata girgiza da ta sauko da tukunyar fenti daga kan katako, sannan ta mutu murus.

"Yanzu fa?" in ji Baba.

"Baƙi!"

"Fari!"

"Ni dai na ji kamar ta haɗiyi wani abu," in ji Baba.

Yini guda suka yi suna kwashe abin da suka shuka. Aka zaro singileti da waya, hannu ɗaya babu. Aka juye tanki, aka wanke shi, aka canza matatar mai, aka kwance bututu ana bugun famfo har iska ta fita kumfa ya daina zuwa. Ni ce mai riƙe roba, mai ya jiƙa min zane, ina ta tsaki ba wanda ya kula. Baba yana zaune a kan tsohuwar taya yana ba da umarni ga ginshiƙi, don ya ɗauka Dogo ne.

Da la'asar ta tashi. Iska tsaf, mai tsaf, ba sauran wanda za a ɗora wa. Hayaƙin ya miƙe sama, shuɗinsa ya fi na safe kyau.

"Auta," in ji Baba, "ke ba ki da gefe a taraktar nan. Faɗa min."

Dogo yana ƙifta min ido, Baffa yana nuna min farar hularsa. Sai na ce:

"Baba, kalar hayaƙi ce."

Ya yi dariya har ya yi tari. "Idona ne ya tafi, 'yar nan, hancina yana nan. Tun daga ɗaki na ji ƙaurin baƙin mai."

"To Yaya, me ya sa ka bar mu muka wahala?" in ji Baffa.

"Tankin nan ya daɗe yana son wanki. Kuma ban taɓa jin ana faɗa a kaina haka ba, na ce bari in ɗan ƙara saurare." Ya miƙa hannu. "Dogo, kashe ta. Ba ni sifana. In za a buɗe, ni zan fara."

Ya miƙe ya dafa injin da sauran ɗuminsa, ya ɗora sifanar inda babu noti, yana ta murɗa iska. Ba wanda ya yi dariya. Tausayinsa ya kama ni. Na kama hannunsa na matsar da shi kan notin farko.

"Na sani," in ji shi. "Amma kar ki saki."