Minti Huɗu a Baƙin Yashi

Steinunn tana cikin goge masa baki da tsumma sai Hallur ya riƙe mata hannu, ya ce ta sauko masa da hoton da ke saman gadonsa.

Ta ce ya shanye romon tukuna, ba don bango ta dafa ba. Ya ce romon nan ko karenta sai an roƙe shi. Haka suka saba shekara arba'in, tun da gidansa da nata kaɗai suka rage a wannan lungu, tsauni a baya, teku a gaba. Da safe likita ta zo, ta faɗa wa Steinunn a bakin ƙofa cewa da wuya ya kai Lahadi.

Ta sauko da hoton. Ta san shi kamar yunwar cikinta, domin irinsa na rataye a ɗakin girkinta, shi ma ya ba ta. Baƙin yashin hamadar tsakiyar ƙasa ne shimfiɗe har iyakar gani, hazo yana gangarowa ta hagu. Ba mutum, ba tunkiya. Duk hotunan Hallur haka suke. Tsohuwar kyamarar katako gare shi, yakan buɗe idonta ya bar shi minti huɗu. Abin da ya tsaya cak shi ke fitowa, mai tafiya kuwa ko inuwarsa ba ta kamawa.

"Bjartur yana ciki," in ji shi.

Bjartur ƙaninta ne. Ya ɓata ranar da maza suka hau tattaro tumaki daga tsaunuka, shekara talatin da ɗaya ke nan. Ko takalminsa ba a samu ba.

"Maganin nan ya fara juya maka kai, tsoho."

Ya ce kansa ƙalau yake. Ranar ya bi masu tattaro tumakin, ya ware shi kaɗai ya kafa kyamara. Ya buɗe idon kyamarar ke nan sai ga Bjartur ya shigo ta dama, a ƙasa, ba doki, ya miƙe hagu wajen hazon. Bukkar da masu tattaro tumakin ke kwana tana bayansa, kogin ƙanƙara ne a gabansa. Hallur ya san Bjartur ya saki hanya.

"Me ya hana ka kira shi?"

"Da na kira shi, tsayawa zai yi. In ya tsaya, zai fito a hoton." Ya numfasa da ƙyar. "Na ce bari minti huɗun ya cika. Da ya cika na yi ta kira, Steinunn, har muryata ta dishe."

Ta dubi hoton. Ta bi yashin da yatsa daga dama zuwa hagu, a hankali. Yashi ne kawai. Shekara nawa tana shan kofi a ƙarƙashin irinsa.

Ya roƙe ta abu ɗaya, in ya cika ta buɗe masa taga. A nan ba a barin mamaci a rufaffen ɗaki, sai an buɗe wa ransa hanya. Ban da ita ba shi da mai buɗewa. Ta kwashe kwano ta tafi ba tumaki ciyawa.

Washegari ta dawo. Ta juya shi, ta jiƙa masa leɓe. Da la'asar numfashin ya ja, ya ja, bai dawo ba.

Ta rufe masa ido. Ta je bakin taga ta ɗora hannu a kan sakata, sai ta tsaya. Agogon da yake auna lokacin ɗaukar hoto da shi yana kan tebur. Ta jawo shi gabanta.

Ɗakin ya yi tsit, ko ƙarar teku ba ta ji. A minti na biyu ta ji kamar akwai wanda ke tsaye a bayanta yana jira, daf da kafaɗarta. Ba ta waiwaya ba. A na uku gilashin tagar ya yi gumi, ko da yake murhun ya daɗe da mutuwa.

Da na huɗu ya cika, ta zare sakatar.

Iska ta shigo da warin gishiri. Labulen ya ɗaga sau ɗaya, ya kwanta. Steinunn ta zauna a bakin gado da hoton a cinya, sanyi yana ratsa ɗakin, yatsarta a gefen dama, inda ƙaninta ya shigo.