Leburori Sun Tashi

Ranar da za a gwada Auta a ga ko ta isa zama kyaftin ɗin jirgin sama, abin da ta fara cin karo da shi baro ne. Magina na ƙara mata ɗaki a gida. Jiya da yamma suka yi sallama suka ce sun tashi, suka bar baronsu da busasshen siminti a bakin ƙofar kicin. Ta fito da sauri, takalmi ɗaya a hannu, ƙaurinta ya same shi.

Goggonta, wadda ke zaune tare da ita, ta leƙo ta taga.

"Sannu, 'yar nan. Idon naki na sama ne kawai?"

"Goggo, ba sun ce sun tashi ba?"

"Su suka tashi. Kin ji baron ya ce miki wani abu?"

Auta ta murza ƙafa, ta ɗauki jakarta ta fita tana ɗingishi.

Ta daɗe a kujerar dama, kujerar mataimaki, da igiya uku a kafaɗa. Yau za ta zauna a ta hagu, ta yanke kowace shawara da kanta, wani tsohon kyaftin na gefenta yana kallo. In ya yarda, a ƙara mata igiya ta huɗu. In bai yarda ba, sai ta koma dama ta jira wata shekarar. Sauran matuƙa jirgi na kiransa Agogo, a bayan idonsa, domin ya fi duba tsintsiyar hannunsa a kan fuskar mutum. Ana cewa duk wanda ya daɗe a sama kamarsa ya san komai. Wani lokacin haka ne. Wani lokacin kuma abin ne kawai bai taɓa faɗo wa mutum ba.

Filin jirgin kuwa gyara ake yi masa. An rufe ƙarshen titin jirgi ana zuba sabuwar kwalta, saura kamar kashi biyu cikin uku ake amfani da shi. Ga sabon ginin fasinjoji ya yi tsawo, ƙarafansa sun tare wa mutanen hasumiyar kula da jirage ganin wancan ƙarshen. Auta ta karanta sanarwar, ta zagaya jirgin ta duba tayoyi da fikafikai, ta hau ta zauna ta yi lissafinta a kan gajeren titi. Rana ta take, kuma a cikin zafi jirgi ya fi buƙatar wurin gudu. Lissafi ya ce sai an rage nauyi. Ta sa aka bar wasu manyan akwatunan kamfani a ƙasa.

Ana cikin shigar fasinjoji sai manajan lodi ya hauro yana haki.

"Albishirinku! Hasumiya ta ce leburori sun tashi. Titi duka naku ne. In sa a loda akwatunan?"

"Loda," in ji Agogo, bai ko ɗago ba.

"Dakata tukuna," in ji Auta.

Ta kira hasumiya a rediyo. Mutumin hasumiya ya ce ƙwarai, yanzun nan shugaban leburori ya kira shi a oba-oba, rediyon hannu, ya ce zafi ya yi yawa, sun tashi.

"Sun tashi, ko sun kwashe?"

"Hajiya, ai duk ɗaya ne."

"Kana ganin wurin daga nan?"

"Gini ya tare. Amma da kunnena na ji."

"Motar duba titi ta je?"

Ya ce ba ta je ba. Motar ta raka tankar mai can wani gefen, ba yanzu za ta dawo ba. Shugaban leburori kuma ya kashe oba-obarsa, da alama ya tafi cin abinci.

Agogo ya juyo gaba ɗaya. "Yarinya, ina sauka a filin nan tun kina rarrafe. In hasumiya ta ce titi a buɗe yake, a buɗe yake. Za ki bar kayan kamfani a rana saboda kalma ɗaya?"

"Yallaɓai, babu wanda ya ce ya gani. Kowa ji ya yi."

"Kin san me ake kiran kyaftin mai tsoron titi? Mataimaki."

Manajan lodi ya yi dariya, ya ga shi kaɗai ke yi, ya haɗiye abarsa.

Auta ta dubi Agogo. Ta san abin da maganar ke nufi, ta kuma san alƙalamin da ke aljihun rigarsa, wanda zai rubuta sakamakonta da shi. Ƙaurinta na zogi a ƙarƙashin wando.

"Yallaɓai, yau wa ke kujerar hagu?"

"Ke ce, zuwa yamma."

"To, zuwa yamma, akwatunan suna ƙasa. Da lissafin gajeren titi za mu tashi. Manaja, rufe ƙofa."

Agogo ya zaro alƙalamin, ya jujjuya shi, ya mayar. Bai ƙara magana ba sai ta aiki.

Suka gangara zuwa bakin titi. A bayansu wani ƙaton jirgin kaya na biye, cike maƙil, shi ma an faɗa masa abin da aka faɗa musu. Auta ta riƙe birki har injuna suka cika, sannan ta saki. Jirgin ya zabura. Titin yana da ɗan tudu a tsakiya, wanda ba ya bari a ga gaba sai an hau shi. Suna hawa, daidai lokacin da Agogo ya kira mata gudun ɗaga hanci, sai ga abin a gabansu.

Rola ce, ruwan ɗorawa, irin mai daddale kwalta, zaune daram a tsakiyar titi. Kusa da ita tulin tsakuwa, da shebur a soke a kai. Babu ko mutum ɗaya. Leburori dai sun tashi.

Auta ta ja hanci sama a hankali, kamar yadda ta saba. Jirgin, da yake ba shi da nauyi, ya rabu da ƙasa da sauran wuri mai yawa, ya wuce ta saman rolar.

Nan take ta juyo ga Agogo. "Yallaɓai, kira hasumiya. Na bayanmu."

Tsohon ya danna rediyo, muryarsa ta fita da wata irin kaifi. "Hasumiya, tsayar da jirgin kaya! Akwai rola da tsakuwa a ƙarshen titi. Kar ya motsa!"

Suka ji hasumiya na maimaita umarnin, suka ji matuƙin jirgin kayan ya amsa ya tsaya. Can sai ga muryarsa kuma, a sanyaye: "Wanda ke gaban nan, ko wane ne, Allah ya saka da alheri."

Sun yi nisa cikin gajimare kafin Agogo ya sake buɗe baki. Ya kwance agogonsa, ya goge zufar da ke ƙarƙashinsa, ya jefa shi a aljihu.

"Da ni ne, da na loda," ya ce. Sannan ya miƙa mata abin magana da fasinjoji. "Gaishe su, Kyaftin. Jirginki ne."

Da magariba ta dawo gida. Magina sun zo sun yi aikinsu sun tafi, baro na nan inda yake, an ma ƙara masa bokiti. Goggo na tsakar gida tana tankaɗe.

"Yaya? Sun ba ki igiyar, ko sai na je da kaina?"

Auta ta ɗaga mata yatsu huɗu. Goggo ta saki rariya ta rangaɗa guɗa har karen maƙwabta ya amsa.

"To, Kyaftin," ta ce da ta huta, "tunda kin iya ɗaga jirgi, ɗage mana baron nan kafin ya karya wani."