Ranar Da Auta Ya Taɓa Akwatin

Tun da hatsarin mota ya zaunar da Auta a keken guragu, wani ɗan akwati mai girman sabulun wanki ne ya zama hannuwansa a gidan. Daga wayarsa yake umartarsa ya buɗe ƙofa, ya kunna fanka, ya ja labule, ya ɗaga kan gado. Da shi yake zaune shi kaɗai, yana zanen gine-ginensa a kwamfuta, babu mai tsaya masa a ka.

Sai dai Yaya, babbar yayarsa, ta kafa doka: kada wanda ya sake taɓa akwatin nan. Tana da dalilinta. Bara, mai gyaran da ya haɗa shi ya sabunta komai a lokaci guda ya yi tafiyarsa, ƙofa ta kulle, Auta ya wuni a ciki cikin zufa har sai da aka kira kafinta ya ɓalle ta.

Yanzu kuma saƙo ya shigo: an gano wata kafa a tsohuwar manhajar akwatin, wadda ɓarawo zai iya bi ya buɗe ƙofa daga waje, sai an sabunta ta. Ya faɗa mata a waya.

"Ɓarawon me zai ɗauka a wurinka, tsofaffin takalma?" in ji ta. "Ka taɓa abin nan ya lalace, wallahi da kaina zan kwashe kayanka ka dawo gidana."

"Yaya, gemuna ya fara furfura fa."

"Ni na goya ka. Gemun banza!"

Ranar Asabar da hantsi ya tura kekensa gaban teburin. Bai yi gaggawa ba. Ya fara kwafe duk abin da ke cikin akwatin zuwa wani sabon katin memori, ya sa katin ya gwada, ya ga akwatin ya tashi lafiya, sannan ya cire shi ya jefa a aljihun gaba. Ya buɗe ƙofar falo ya tokare ta da kujera. Ya duba batirin ajiya ko da wuta za ta ɗauke, ya zauna ya karanta bayanin abin da aka canja a sabuwar manhajar, har ƙananan rubutun da kowa ke tsallakewa.

Manhaja biyu ce a ciki: ta sama mai kula da kayan gida, da ta ƙasa mai tafiyar da akwatin kansa. Ya fara sabunta ta sama. Da ta gama ya bi komai ɗaya bayan ɗaya. Fanka ta juya, fitila ta kama, makulli ya yi ƙas. Sai ya danna ta ƙasa.

Akwatin na tsakiyar aiki, 'yar fitilarsa na ƙiftawa, sai ga Yaya da kular abinci a hannu. Ta dubi ƙofa a wangale, ta dubi kujera, ta dubi ƙaninta.

"Ka taɓa."

"Na taɓa."

Ta dire kular ta nufi akwatin za ta zare masa wayar wuta.

"Kada ki zare!" Ya murza keken ya sha gabanta, har tayar ta taka mata gefen zane. "In kika yanke masa wuta yanzu, ke kika kashe shi, ba ni ba."

Bai taɓa ɗaga mata murya haka ba. Ta tsaya baki buɗe, ta riƙe ƙugu.

Akwatin ya mutu, ya sake tashi. Auta ya danna fitila, ta kama. Ya danna makulli. Shiru. Ya sake dannawa. Shiru. 

"To, malam injiniya," in ji Yaya. "Ina jakarka take?"

Ta shige ɗaki. Yana jin ta tana jan durowa da ƙarfi, tana mita, tana zuba rigunansa a jaka.

"Ki ninke su da kyau," ya ɗaga murya, "don ke za ki mayar da su!"

Ya dafa aljihunsa. In ya ga dama, ya mayar da katin nan komai ya koma yadda yake da safe. Sanin hakan ya kwantar masa da hankali, ya ƙi yin saurin ja da baya. Ya koma kan bayanin da ya karanta. Akwai 'yar na'ura kamar yatsa da ke soke a jikin akwatin, ita ke magana da makulli, kuma sabuwar manhajar ta canja mata suna. Ya shiga saiti ya rubuta sabon sunan, ya sake tayar da akwatin, ya jira.

Ƙas!

Yaya ta leƙo, wandonsa a kafaɗarta. Ya janye kujerar, ya rufe ƙofar, ya kulle daga waya, ya buɗe, ya sake kullewa, yana kallon cikin idonta.

"Sa'a ce kawai," ta ce.

"Shiri ne. Da ya ƙi, ga tsohon a aljihuna, ga ƙofa a buɗe. Ƙafafuna ne suka tsaya, Yaya, kaina bai tsaya ba. Kuma in wata sabuntawar ta zo, zan sake yi."

Ta zauna a hannun kujera. Da ta yi magana muryarta ta sauka.

"Ranar da aka ɓalle ƙofar nan, ban san me zan tarar a ciki ba."

"Na sani. To ki riƙa zuwa kina zama kusa da ni in zan yi. Amma hannunki a cinyarki."

Ta harare shi, ta share ido da gefen mayafi. Rana ta fara dukan teburin, ya danna labule don ya rufe. Labule ya ƙi motsi. Yaya ta miƙe za ta ja da hannu.

"Bar shi," in ji Auta, ya jawo kwamfutar gabansa. "Wannan ma nawa ne. Ke dai zuba mana abinci, yunwa nake ji."