Takunkumin da Baba Ya Sa

Aikina kula da kwamfutocin wani kamfani ne, guda arba'in da bakwai, kuma babu wadda ta taɓa kwana ba a sabunta ta ba. Don haka ranar da na leƙa shagon Umma na duba kwamfutar da ke juya injinta na ɗinkin ado, sai da raina ya ɓaci. Shekara shida rabonta da sabuntawa.

Baba ne ya haɗa ta kafin ya rasu. Abu uku Umma ta sani: ta kunna, ta zaɓi zane, ta danna koren maɓalli.

"Umma, bari in gyara miki wannan."

"Me ta yi?"

"Ba ta yi komai ba. Tsufa ta yi."

"Ni ma na tsufa," in ji ta. Bajojin rigunan wata makaranta take yi, saura sittin, kuma ƙarfe huɗu za a zo ɗauka.

Tana fita sayo zare na buɗe baƙin allon da ake rubuta umarni, na ce a sabunta komai. Kwamfutar ta yarda, ban da abu ɗaya: babban ƙunshin, zuciyar tsarin, wanda sauran duka ke tsaye a kansa. An sa masa takunkumi, wai kada ya motsa. Na ce halin Baba ke nan, mutumin da ya shekara goma yana ɗaure tabaransa da zare. Na nemo fayil ɗin takunkumin, na goge layin, ban ko kalli sauran rubutun ba. Kwamfutar ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Har tsohon ƙunshin na sa ta share, don ni ba na barin tarkace.

Na kashe na kunna. Ta tashi garau, har ta ƙara sauri. Injin kuwa ko tari bai yi ba. Sabuwar zuciyar ba ta san da zamansa ba, kamfanin da ya ƙera shi kuma ya daɗe da rufewa.

Umma ta dawo ta danna koren maɓalli sau uku, sannan ta dube ni.

"An gyara?"

"Ana kai."

Ta ja kujera, ta zura zare a allura, ta fara bajo na farko da hannu. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na nemi tsohon ƙunshin a ma'ajiyar intanet, an daɗe da cire shi. Ƙarfe biyu ta yi ina zufa. Da dabara ta ƙare, na koma fayil ɗin na karanta abin da na tsallake. Rubutun Baba ne.

"Kada a taɓa. Injin ba ya yi da sabo."

A ƙasa kuma akwai ƙari.

"Auta, na san ke ce, na san kuma kin riga kin taɓa. Kwafin tsohon na cikin ɗan faifan da na liƙa a ƙarƙashin tebur. Ki mayar, ki sa takunkumin. Ba laifi, ni ma haka na koya."

Na durƙusa na laluba. Yana nan, a naɗe cikin leda, an ɗaure da zare irin na tabaran. A can ƙasan teburin na yi kukana, don tun rasuwarsa babu wanda ya yi mini faɗa da wannan muryar.

Umarni uku na rubuta: na dasa tsohon, na ce da shi za a riƙa tashi, na mayar da takunkumin. Uku saura kwata allurar injin ta fara caka.

Umma ta ajiye bajon hannunta, ko rabi bai kai ba.

"Umma, Baba ne ya gyara," na ce.

"Na sani." Ta gyara zaman yadin a ƙarƙashin allura. "Cewa ya yi kada in cire faifan, wata rana za ki zo nema. Shekara shida ina goge teburin nan ina kewaye shi."