Kaset ɗin Madina

Da Madina ta fita daga takabar mijinta Malam Zailani, a shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Jigawa, sai ta tarar shagon maganin dabbobin da ya bari a kasuwar Dutse yana neman mutuwa. Ƙanensa Idirisu ne ke zama a ciki. Mutum ne mai amana, amma bai san kan magani ba. Ita ta sani, don duk zamansu da marigayin tana taya shi haɗa magani da yi wa awakin makwabta allura. Allah bai ba su haihuwa ba. Yanzu ita kaɗai ce a gidan nan na Limawa, sai tumaki biyu a turke.

Wata rana Idirisu ya kawo mata cefane, ya zauna a bakin tabarma.

"Yaya, abin da ke kashe kasuwar nan, masu dabbobin ba su ke zuwa ba," in ji shi. "Awaki da kaji ai na mata ne, suna cikin gida. Sai miji ya zo ya ce akuyar matarsa ba ta da lafiya. In na tambaye shi me ke damunta, ya ce shi dai an ce ya sayo magani."

Bayan ya tafi, ta ɗauko rikodar marigayin daga ƙarƙashin gado, ta sa batir. Ta share kaset ɗin farko sau da yawa, don muryarta tana fita kamar ta mai karanta sanarwa. Daga baya ta ajiye rikodar a kan kujera 'yar tsugunno, ta fuskance ta kamar baƙuwa ce ta zo. Ta yi sallama, ta tambayi gida da yara, sannan ta shiga bayanin yadda ake gane tsutsar ciki a akuya, da abin da mace za ta duba kafin ta aiki maigida. A ƙarshe ta faɗi inda shagon yake.

Idirisu ya kai wa mai kwafar kaset. Duk wanda ya sayi magani sai a haɗa masa da guda, a ce ya kai wa iyali. Ya kuma ba direbobin bas ɗin Kafin Hausa da Taura. Kafin damina ta yi nisa, magidanta sun fara zuwa da magana a bakinsu: zawo ne, ko kaska, ko kaji ne ke sanƙarewa. Wasu har suna tambayar ko sabon kaset ya fito. Madina ta ci gaba da yi duk wata, da hantsi, lokacin da unguwa ta yi tsit.

Ana nan sai wani direba ya ajiye kaset a shago, ya ce a ba mai maganar. Nata ne na farko, amma an ɗauki wata murya a kai, ta tsohuwa, Hausarta da karin Fillanci.

"Ni ce Zulaihatu, daga ruga a bayan Taura. 'Yata, na ji maganarki, tunkiyata ta tashi. Amma kin ce a ba su kanwa, ba ki ce kar a cika wa mai ciki ba. Ki gyara. Kuma ina ta saurare, ban ji kukan yaro ko ƙarar turmi a gidanki ba. Ke kaɗai ce?"

Madina ta kashe rikodar. Tun rasuwar Malam mutane ke ce mata ta yi haƙuri, ba wanda ya yi mata wannan tambayar.

Ta mayar da amsa ta hannun direban. Ta yi godiya da gyara, ta ce eh, Inna, ni kaɗai ce. Daga nan kaset ɗin ya riƙa kai da komo. Inna Zulaihatu ta ba ta labarin saniyarta da ta ƙi kowa sai ita, da 'ya'yanta da suka yi kudu da shanu, da ciwon gwiwa. Madina ta ba ta labarin Malam, yadda yake yi wa tumaki faɗa kamar mutane. Wani lokaci tsohuwar takan manta ba ta kashe ba, sai a ji motsin ƙwarya da kukan ɗan maraƙi. Madina takan saurara har kaset ya tsaya da kansa.

Bayan an gama girbi, amsa ta daina zuwa. Direban ya ce ba ya ganin mutumin da ke kawo masa saƙon ranar kasuwa. Madina ta sayi turmin atamfa da man zafi na gwiwa, ta hau bas, ta zauna a kujerun baya tare da mata. Daga Taura ɗan acaɓa ya kai ta inda aka kwatanta.

Ba kowa a wurin. Sai da'irar bukkoki da aka tsige, da toka, da busasshen kashin shanu. Ta ƙarasa wani gida da ke gefen gona ta yi sallama. Matar da ta fito ta tsaya tana dubanta.

"Sake magana in ji," in ji matar. "Ke ce ta kaset?"

Ta ce ita ce, Inna Zulaihatu take nema.

"Ai sun tashi. Babban ɗanta ne ya zo ya tafi da ita, ya ce ba za ta ƙara rani ita kaɗai ba. Ba mu san ko ina suka nufa ba, an dai ce kudu. Da rikodarta a cinya ta hau mota."

Kafin ta sha ruwa, matan makwabta sun cika tsakar gidan. Wannan ta kawo kaza a hammata, waccan ta jawo ɗan akuya. Madina ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi abin da za a saya da abin da ba sai an saya ba. Suka yi ta sa mata albarka, suka cika mata leda da gyaɗa. La'asar na yi ta kama hanya, atamfar na nan a jakarta.

Kaset ɗin watan nan a kan rigakafin kaji ta yi shi. Da ta gama faɗin inda shago yake, sai ta ce duk wanda ya san inda Inna Zulaihatu ta bayan Taura take, ya gaya mata Madina ta zo ba ta same ta ba, kuma tana gaishe ta da gwiwa.

Idirisu ya ce wannan kaset ɗin ya fi kowanne tafiya, har daga Birnin Kudu an zo nema. Duk sanda ya kawo cefane takan dubi hannunsa ko da kaset ɗin Inna, shi kuma ya girgiza kai, ya ajiye ledar, ya tambaye ta maganin da za a ƙaro daga Kano.